Kuɗin Shiga Kofin Ruwa Ne

Naira hamsin-hamsin ce ta fara ɓacewa daga jakar aikina. Da farko na ɗora wa mantuwa, don duk wadda ta taɓa kwana a tsaye a kan marasa lafiya ta san yadda kai yake zama da safe. Sai ki sayi ƙosai a ƙofar asibiti, ki iso gida kina tambayar kanki wa ya ba ki. Da abin ya kai mako uku sai na fara ƙirga canjina kafin in kwanta. Wata Laraba a watan Agusta na 2021 na ajiye ɗari uku, na tashi da azahar na tarar da ɗari biyu da hamsin.

Mu biyar ne a gidanmu a Bungudu: ni, maigida, surukata Hajiya, da yara biyu. Ƙaramar shekararta biyar a lokacin, ba ta ma san bambancin hamsin da ɗari ba. Saura yayanta mai shekara takwas. Ku yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma duk bokon da na yi bai wanke mini wannan kunyar ba.

Ban ce masa komai ba. Bayan la'asar na ga ya zura takalmi, sai na ja hijabi na bi shi daga nesa, har bakin titin da ya taso daga Gusau ya miƙe zuwa Sakkwato. Ya faɗa wani shago mai labulen buhu, janareta yana ta kuka a gefensa. Gidan gem ne. Na ɗaga labulen kaɗan. Talabijin biyu, PlayStation, benci uku, yara sun fi goma sha biyar a ɗakin da bai kai kicin ɗina ba. Zafi kamar gidan burodi, ga hayaƙi yana shigowa ta taga.

Abin da na gani shi ya hana ni barci a daren. Yarona bai taɓa hannun gem ba. Ya miƙa wa mai shago hamsin ɗin, wani ƙaton yaro ya karɓi hannun ya fara buga ƙwallo, shi kuma aka matsa masa wuri a ƙarshen benci. In wanda ya biya wa ya ci, sai ya miƙe yana ihu, wani ya dafa masa kai. Ashe duk kuɗin nan wurin zama yake saye da su.

Yaron yana da sikila. Ni AS ce, na sani tun ina makarantar koyon jinya. Kafin aure mun je wani ƙaramin ɗakin gwaji, takardar maigida ta fito AA, muka yi hamdala. Yaro yana da wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ya tsala ihu. Na sha ganin irin wannan kumburin a jikin 'ya'yan wasu, na kuma sha gaya wa iyayensu abin da yake nufi, amma da ya zo kaina sai da na kwana biyu ina cewa cizon ƙwaro ne. Wanzami ba ya son jarfa. Aka sake gwaji, yaro SS, uba AS. Tun daga nan duk budurwar da ta nuna mini takardar gwajinta sai na ce su je su maimaita a wani wurin daban.

Ga wadda ba ta san ciwon ba, a taƙaice haka yake. Ƙwayar jinin lafiyayye zagayayya ce mai laushi, tana yin kimanin kwana 120 a jiki. Ta mai sikila tana lanƙwashewa kamar lauje, ta taurare, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma kafin ta mutu tana iya toshe ƙananan hanyoyin jini. Toshewar ce take kawo ciwon ƙashin nan da yake sa ƙato kuka. Ƙishirwa tana tayar da shi, haka sanyi, da gajiya mai yawa, da zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon duk shekara a Najeriya. Ni dai guda ɗaya aka ba ni amana, sai na zame masa ɗan sanda. Kada ka yi gudu. Ka sha ruwa? Ina rigar sanyinka? A gaban abokansa nake faɗa, har a bakin ƙofa. Maƙwabta suka ji, su ma suka ja wa nasu kunne: kada ku sa shi a ƙwallo, ya faɗi a ce ku ne. In an je fili sai a ba shi gadin takalma. Ban san da wannan ba sai daga baya, kuma bakina ne ya ja masa.

Da muka dawo gida ranar, babansa ya ɗauko bulala. Hajiya ta fito ta tsaya a tsakani ta ce ba mai taɓa mata maigida tana raye. Ni na ja shi ɗaki na tambaye shi dalili. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Umma, in ban biya ba, ba sa matsa mini."

Bayan kwana biyu ciwo ya tashi, baya da ƙafafu. Ba zan rantse cewa zafin shagon ne ya jawo ba, amma yaron da ya yi awa biyu yana zufa bai kurɓi ruwa ba, ba sai an nemi wani dalili ba. Kwananmu biyar a gado ana ƙarin ruwa. Don ya rage kuka nake ba shi wayata, akwai 'yan katun da masu turi suka zuba mini a ciki. Ɗaya daga cikinsu Wreck-It Ralph ne, fim ɗin 2012 da aka gina a kan wani gidan gem na Amurka irin na da, inda kowane wasa yake cikin dogon akwatin katako mai gilashi da sanda da madannai, a jefa kwabo a yi a tsaye. Ya kalle shi ya fi sau shida. A dare na uku, ina neman jijiya a bayan hannunsa don waccan ta toshe, ya ce, "Umma, akwai irin akwatin can da gaske?"

Na ce akwai. Na ba shi labarin gidanmu na Gusau a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka kawo wa yayana wani gem daga Kano da kaset mai ruwan ɗorawa, an rubuta a jikinsa wai wasa 9999 ne a ciki, alhali ba su wuce goma ba, maimaita su aka yi ta yi. In ya ƙi kamawa a cire a hura masa iska a mayar. Mu mata ba a ba mu, wai ba mu iya ba. Sai ranar Juma'a in sun tafi masallaci nake jonawa, da haka har na gano inda aka ɓoye ƙarin rai a matakin farko na Super Mario. Ya manta da allurar yana saurare. Sai na ce, "In ka warke zan yi maka irinsa." Na faɗa ne kamar yadda nake yi wa 'ya'yan mutane alkawarin alawa in zan soka musu allura.

Mun fito asibiti ba da jimawa ba gari ya rikice. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai a makarantar Kaya da ke Maradun, wata shida bayan na Jangebe, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Kwana biyu bayan haka aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya. An riga an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka. A cikin watan ne kuma labari ya iso mana, baki da baki tunda ba waya, cewa an ɗauke Sarkin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Gidan gem ya rufe don ba man janareta. Iyaye suka tsare yara a gida, yaro ba ya wuce ƙofa sai da aike. Allah Ya yafe mini, akwai ranar da na ji wani sanyi-sanyi a raina, don yanzu duk yaran layinmu sun zama kamar nawa.

A cikin wannan zaman ne ya zo mini da kwalin magani da na kawo daga wurin aiki, ya farke shi ya zana akwatin a baya, gaba da gefe, har da 'yar kafar jefa kuɗi. Na fara kame-kame, ba intanet balle in duba yadda ake yi, ga hali da ake ciki. Hajiya tana tsintar wake ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Alkawari kaya ne."

Kawuna kafinta ne, ƙanen mahaifiyata, ya haura sittin. Rabin gadajen amaren unguwarmu daga hannunsa suka fito, amma a watan ba mai maganar biki, yana zaune a rumfa yana korar ƙuda. Ya juya kwalin sama da ƙasa.

"Wanga mi na, ɗiyata? Kabad ko akwatin zaɓe?"

Na yi bayani iyakar iyawata. Ya ce shi bai taɓa yin abin da bai gani ba, amma a kawo abokinsa ya auna shi. Abokin nasa shi ne yarona, wasan kaka da jika suke yi. Ya tsayar da shi jikin bango, ya sa alama a saitin ido, ya ce ya miƙo hannuwa kamar zai karɓi tuwo, ya sa wata alamar a saitin gwiwar hannu. Daga waɗannan alamomi biyu ya fitar da komai. Gilashi a saitin ido, an ɗan kwantar da shi baya. Teburin madannai a saitin hannu, don kada kafaɗa ta gaji. Tsawon duka bai kai mita ɗaya da kwata ba. Faɗin kuwa sai da muka yi gardama. Ni na ce a yi daidai mutum ɗaya, katako ya yi tsada. Yaron ya ce na mutum biyu yake so. Kawu ya dube ni ya ce, "Ke ba ki ji mi yaron ga ke hwaɗi ba?" Aka yi na mutum biyu.

Ragowar filawud ɗin wani kabad da mai shi bai dawo ba Kawu ya yi amfani da shi. Ya goge kowace kusurwa da samfefa har ta yi sulɓi, don na gaya masa ba na son abin da zai yanki yaro. Ya yi ƙasan da nauyi, ya kuma buga ƙarfe biyu a baya da za a ɗaure da bango, saboda ya san yara, wata rana sai wani ya hau. Ya huda ramuka a baya don iska, ya sa ƙofa da kwaɗo. Yarona yana zaune a kan buhun dusar katako yana miƙa ƙusa, kwana huɗu a jere. Na lura a kwanakin ban ce masa kada ya yi kaza ba ko sau ɗaya, don Kawu ya ce in zan yi aikin asibiti in koma asibiti. Bayan an dawo da waya na karanta cewa Mario ɗin nan, a fitowarsa ta farko cikin Donkey Kong a 1981, kafinta ne, daga baya aka mayar da shi mai gyaran famfo. Da na gaya wa Kawu sai ya ce, "Ashe ɗan'uwana na. To mi ya kai shi hwamho?"

Kayan ciki sai Gusau. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma a lokacin in kin fita ba mai jin ɗuriyarki sai kin dawo. Maigida ya ce a kan kayan wasa zan hau titi? Malamin makaranta ne, yana zaune a gida tun da aka rufe, kuma abin ya taɓa masa zuciya. Na haɗa tafiyar da karɓo maganin yaron na wata, ya yi shiru. Da kuɗin adashina na sayi gem ɗin a kasuwa. Har yau 'yan Sin suna ƙera kwaikwayon Famicom, na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, kuma kuɗinta bai kai na atamfa mai kyau ba. A kwalin akwai hannu biyu, kaset ɗaya, da bindigar roba. Manyan madannai irin na fim kuwa ba wanda ya taɓa ganinsu. Ina cikin shagon kayan wuta idona ya faɗa kan makunnin ƙararrawar ƙofa, wanda in ka danna ya haɗa, in ka saki ya rabu. Na ce a ba ni goma sha huɗu. Mai shagon ya ce, "Hajiya, otal kike ginawa?"

Akwai wani mai gyaran rediyo kusa da mu, shi ya buɗe hannun gem ɗin ya nuna mini cikinsa. Ashe ba wani sihiri. Ƙarƙashin kowane madanni layi biyu ne na tagulla da ba su taɓa juna ba, in ka danna sai wata baƙar roba ta haɗa su. Don haka in ka jawo waya biyu daga layukan ka kai su ga makunnin ƙararrawa, na'urar ba ta san bambanci ba. Kowane ɗan wasa makunni shida, huɗu na hanya biyu na tsalle da harbi, sauran biyun na farawa da zaɓe. Sandar kuwa dabarar Kawu ce. Ya zura dogon ƙarfe mai zare ta cikin yankin robar tayar babur, ya jera makunnai huɗu a ƙasa suna fuskantar ƙarfen, ya ɗaura marikin durowa a kai. In ka tura dama ƙasan ƙarfen ya danna na hagu, in ka saki robar ta dawo da shi tsakiya. Wannan juyewar ce ta ruɗe mu a gwajin farko, ka tura Mario gaba ya ruga baya, sai da aka sauya wayoyin.

Mai gyaran ya sayar mini da wani ƙaramin talabijin mai inci 15 irin na sola, wanda mai shi ya bari shekara biyu bai karɓa ba. Na kafa masa sharaɗi ɗaya, duk ɗigin dalma a shagonsa za a yi, yaro ba zai tsaya a wurin ba, kuma komai a rufe yake a cikin akwati. Ya yi dariya ya ce shekararsa ashirin yana shaƙa. Ban yi dariya ba. Duk ma'aikacin lafiya a jihar nan ya san 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi shekaru tana jinya. Ɗigon da ke jikin waya bai kai wancan ba ko kusa, na sani. Amma dalma ba ta da adadin da za a ce wannan ba komai a jinin yaro, kuma nawa jininsa yana da abin da ya ishe shi.

Ɓarna mafi girma ni na yi ta. Maigida, wanda ya ce ba ruwansa, shi ya ciro tsohon batirin babur ɗinsa ya ajiye mini a ƙofar ɗaki bai ce uffan ba. Talabijin ɗin wuta bolt 12 yake so, daidai da batirin. Na'urar gem ɗin kuwa bolt 5 take so. Zumuɗi ya hana ni jiran mai gyara, na jona ta kai tsaye. Wani ɗan ƙara, sai ƙauri. Yaron yana tsaye a bayana. Bai yi kuka ba, ya juya ya shige ɗakin Hajiya, kuma da ya yi kukan da ya fi mini sauƙi. Washegari da sassafe babansa ya sa hula ya fita. Da azahar ya dawo daga Gusau da sabon kwali da cajar waya irin ta mota, wadda take sauke 12 zuwa 5. Har yau bai gaya mini nawa ya kashe ba. Shi ya yi fentin ma, shuɗi da ja, ya rubuta sunan yaron a goshin akwatin da irin rubutunsa na allo.

Sai maganar bindiga. Tun a kasuwa na cire ta daga kwali na tura ƙasan jakata. A watannin nan wasan da yara suke yi a lungu ya canja. A da 'yar ɓuya ce da langa, yanzu sai su rabu biyu, wasu su ɗaure fuska da ɗankwali su riƙe kara, su kama ɗaya su ce a kawo miliyan biyar. Na taɓa jin 'yata tana ciniki a kan 'yar tsanarta. Ban ga yadda zan miƙa musu bindiga da hannuna ba, ko ta roba ce, ko agwagwa ake harbi da ita. Maigida ya ce ina wuce gona da iri, shi ma ya yi Duck Hunt yana yaro bai zama ɗan fashi ba. Gaskiyarsa. Muka ɗauko ta don a gwada, sai ta ƙi aiki. Mai gyara ya ce irin wannan sai da tsohon talabijin mai ƙugu. In ka ja kunamar, gilashin yana yin baƙi na ƙiftawar ido, wurin agwagwar ya yi fari, idon da ke bakin bindigar ya ga hasken. Talabijin na zamani yana ɗan jinkiri kafin ya nuna hoto, sai idon ya duba bai ga komai ba. Gardama ta mutu ba wanda ya ci. Kuma kada in yi muku ƙarya, wasan da yaran suka fi so a ƙarshe Battle City ne, na tankokin yaƙi, inda mutum biyu suke haɗa kai su tsare wata mikiya a cikin katangar bulo. Harbi ne daga farko har ƙarshe. Na bar musu shi, na hana Contra, kuma in kun tambaye ni bambancin ba lallai in iya kare kaina ba.

Na so a ajiye akwatin a ɗakina inda idona zai kai. Hajiya ta ce a zaure za a sa, don ɗan mutane ba ya shiga ɗakin matar aure, kuma ba don mu aka yi ba. Aka ɗaure shi da bangon zaure, aka ɗora ƙaramin farantin sola a kan rufi. Ranar farko yara uku suka leƙo. Kafin mako ya zagayo sai da muka shimfiɗa tabarma ta biyu. Iyayensu ba su hana ba, gida ne a cikin layi, kuma Hajiya tana zaune a ƙofar ciki da carbinta.

Kawu ya yanka kafar kuɗi kamar yadda aka zana, ya sa gwangwani a ciki. Ba a haɗa ta da komai ba, amma yara suka ce sai an jefa wani abu, suka tara marafan kwalbar lemo. A nan dabara ta zo mini. Na ajiye randa ƙarama da kofuna a gefe, na ce marfi ɗaya kofin ruwa ɗaya, duk mai son layi sai ya wanke hannu ya shanye kofi a gaban mai gida sannan a ba shi marfi. Shekara takwas ina bin yaron nan da kofi yana gudu. Yanzu kowa sha yake, shi ne ma mai duba ko an shanye, kuma tunda ya fi kowa yawan wasa ya fi kowa sha. Illar kawai, Hajiya ta yi ta faɗa a kan layin banɗaki. Lokaci kuwa batirin ne ya yanka mana. Tsoho ne, ba ya wuce awa biyu, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba sai hoto ya fara rawa. Maigida ya ce zai sayo sabo, na ce ya bar shi. Ranar Alhamis da Juma'a na ware rabin lokaci na mata zalla, wannan kuma ramuwar gayyata ce a kan yayana.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Mulki ya hau wa yarona kai. Na dawo aiki wata rana na tarar da wani yaro a tsaye a waje yana leƙe, ashe kwana uku ke nan an hana shi shiga. Shi ne ƙaton nan na gidan gem. Na tambaya, nawa ya ce, "Shi ya fara ce mini mai ƙashin kara." Na kuma gano ya fara karɓar dabino da goriba a asirce don ya tsallakar da mutum layi. Na kulle akwatin kwana biyu. Na so in yi masa dogon wa'azi, sai na tuna ƙarshen bencin can, bakina ya yi nauyi. Abin da na iya faɗa kawai shi ne gobe da shi za ka fara, ku biyu a kan tankoki. Sun yi, suna harare-harare, mikiya ta mutu sau uku kafin su fara magana.

A watan Disamba, da sanyin hunturu ya sauko, ciwo ya sake tashi, duk da ruwan da rigunan sanyin. Wannan karon har da ƙarin jini. A rana ta uku ina zaune a gefen gado abokiyar aikina ta leƙo ta ce ina da baƙi. Yara biyar ne, an shafa musu mai sun yi fes, ƙaton yana gaba da lemo biyu a leda. Suka jera suka ce ya jiki. Aka yi shiru. Can ƙaraminsu ya kasa haƙuri ya ce, "Wai ina makullin?"

Na ɗauka ransa zai ɓaci. Sai na ga ya sa hannun da ba allura ya ciro igiyar daga wuyansa. Ya miƙa wa ƙaton, ya ce kowa kofi ɗaya, ban da cin bashi, ranar Alhamis a bar wa mata, kuma kada a bari Auta ta ja sanda da ƙarfi. Tunda muke kwanciya asibiti, ban da dangi ba wanda ya taɓa zuwa duba shi sai ranar. Sandar dai sun karya ta kafin a sallame mu, Kawu ya sake yanko roba.

Yanzu ya yi tsawo, sai ya sunkuya yake ganin gilashin, akwatin ya koma hannun ƙanwarsa da ƙawayenta. An buɗe gidan gem na bakin titi tuntuni, yakan je wani lokaci da gorar ruwa a hannu da kuɗin da ya roƙa, kuma na koyi yin kamar ban gani ba. Makunnin tsalle na hannun hagu ya fara maƙalewa tun watan jiya. Na ce a kira mai gyara, ya ce a bar masa. Shekaranjiya na dawo aikin dare na tarar an kwance bayan akwatin, wayoyi a waje, an jera sukurori goma sha ɗaya a cikin farantin da nake raba masa magani. Na kwashe su na zuba a murfin kwano, na wanke farantin, na je na tashe shi ya sha na safe.